Tankin da Ke Kan Rufinmu

Cikina ya tsufa lokacin da maigidana ya kawo masu sola suka hau rufin gidanmu na Lugbe. Tanki suka ɗora a kwance, da baƙaƙen bututun gilashi jere a ƙarƙashinsa. Rana ta daki bututun, ruwa ya yi zafi, ya sauko ta famfon banɗaki. Shi mutum ne mai son ya riga matsala isa wuri. A rukunin gidajenmu ba a yarda a hura itace ba, gas ya yi tsada, lantarki kuwa sai ta ga dama, ga shi wankan jego ba ya jiran kowa. Ranar da aka gama aikin har maƙwabta ya kira su taɓa ruwan. Na ce masa saura ya yi wa tankin walima.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta zo daga gida don ta yi mini wankan. Ta tsoma yatsa a bokiti, ta janye da sauri, amma ba ta sallama ba.

"'Yar nan, ruwan da bai hau murhu ba ina zai kori sanyi?"

"Gwaggo, ai ga shi ya ƙona ki."

"Ya ƙona ni, amma bai dahu ba."

Na haifi mace. Ba ta kai suna ba. Matsalar numfashi aka ce, aka sa ta a kwalba a asibiti, daga nan aka miƙo wa babanta ita naɗe cikin zane. Ban taɓa jin kukanta sosai ba, sai wani ɗan sauti can ƙasan maƙogwaro, kamar mai haɗiyar abu da ƙyar.

Na ɗauka shi ke nan babu batun wanka. Gwaggo ta ce jiki bai san an yi rashi ba, in sanyi ya shige ni sai na tsufa ina jinya. Safe da yamma take tara ruwan, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini, ta fito ta dama kunun kanwa. Ba ta ƙara kushe ruwan ba, ni kuma ban ƙara tsokanarta ba.

Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, maigida ya koma ma'aikata. Unguwarmu da rana ba kowa, duk an tafi cikin gari aiki, sai jirage da ke wucewa. Bayan azahar Gwaggo takan ɗan kishingiɗa. A lokacin ne, rana ta take, na fara jin sautin daga saman silin. Ɗan ƙarami ne, ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Kafin in gama tantance abin da nake ji, nonona ya kawo, gaban rigata ya jiƙe sharkaf.

Na san tanki ne. Na yi karatuna, ba na cikin masu ganin aljani a kowane lungu. Amma kullum rana ta take sai ya yi, kullum sai rigata ta jiƙe, sai in tsinci kaina tsaye a tsakiyar ɗaki ina kallon sama, hannuwana a buɗe. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron kada hankalina ya tafi. Na fara ƙin fitowar rana, in hadari ya haɗo sai in ji sanyi a raina.

Da abin ya ishe ni na ce wa maigida ko dai a sauke tankin nan, ko in bi Gwaggo gida, kuma ban ce zan dawo ba. Sai ya ce shi ma ya ji sautin ranar Asabar, shi ya sa ya fita wanke motar da ba ta yi datti ba.

Mai solar ya zo ya hau, bai jima ba ya sauko yana goge hannu.

"Madam, ba wani abu ba ne. Ruwa ya yi zafi da yawa, tururi yana fita. Bawul, ɗan ƙarfen da ke sakin tururin, shi ne ya lalace, na canza. Ki gaya wa oga ba zai sake yi ba."

Washegari bayan azahar na zauna a bakin gado. Sai da na zauna na lura na riga na cusa tsumma a cikin rigata. Rana ta take, jirgi ya wuce, na kasa kunne har aka kira la'asar. Babu komai. Tsumman nan a bushe na ciro shi.

Da yamma na sa maigida ya kira mutumin ya tambaye shi ina tsohon bawul ɗin. Ya kalle ni, bai tambayi dalili ba, ya kira. Wai ya jefar a bola tun jiya.

Cikin 'yan kwanaki nonon ya ƙafe. Gwaggo ce ta fara lura wajen wanka. Ta ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu, yanzu zan huta. Na ce mata haka ne. Na juya mata baya ta ci gaba da fyaɗa mini ruwan, don kada ta ga fuskata. Kawowar nonon nan ce kaɗai abin da ya rage ina yi wa yarinyar, ita ma ta ƙare.