Malamin da ke Zuwa Shagari a Ƙasa

Shekara biyu na yi ina kwana a Bodinga ina koyarwa a Shagari, kuma a cikinsu akwai wata huɗu da aka ɗauke ni mutumin Allah a bakin hanya. Ni ban nema ba, amma da aka ba ni ban mayar ba, wannan kam na amsa laifina.

Ni siriri ne tun fil azal. Duk wanda ya san motocin hayar hanyarmu ya san inda ake ajiye siriri: gaba, tsakanin direba da mai zaman bakin ƙofa, gwiwar hagu manne da giya. Huɗu a baya, biyu a gaba. Duk sanda direba zai sauya giya sai ya doke ni a gwiwa ya ce in yi haƙuri, har dai muka gaji muka daina ba juna haƙuri.

Direban da nake bi kullum mutumin Kajiji ne, magidanci mai yawan shiru. Shanun da ya gada ya sayar ya sayi motar, wata tsohuwa da na tabbata ta girmi babbar 'yata. Daga ita ba shi da gona, ba shi da ko akuya, bakin kowa a gidansa a kanta yake. In ta yi tari sai ka ga shi ma ya dafe ƙirji.

To, kafin a kai Shagari akwai inda jami'an hanya ke tsayawa ƙarƙashin wani itacen bedi, sun jera tsofaffin tayoyi a kan kwalta. Babbansu wani kakkauran mutum ne mai furfura a gashin baki. Ba ya tsawa, ba ya zagi, kuma ba ya karɓar na goro, abin da ya sa direbobi suka fi jin tsoronsa ke nan, don sun rasa ta inda za su ɓullo masa. Sau biyu yana kama direbanmu da mutum biyu a gaba. A na biyun ya gaya masa a hankali, kamar mai gaisuwa, cewa in aka yi na uku motar a ofishinsu za ta kwana, sai kuma abin da kotu ta ce.

Washegari direba ya fito da dabara. Akwai kwana kafin a hango bedin, sai ya tsaya nan ya sauke mutum ɗaya, mota ta wuce shinge da lissafinta daidai, ta je bayan wata kwanar kusa da rumbunan albasa ta jira. Wasu motocin ma haka suke yi, sai dai nasu masu saukar kabu-kabu suke hawa su wuce fuu, ba wanda ya kula da su. Ni kuwa na ce ba zan biya mota in sake biyan babur ba, ƙafafuna lafiyarsu lau. Matata ta ce rowa ce. Ni na ce tsari ne.

Abin dariyar shi ne darasin da nake koyarwa a makaranta, wato haƙƙin ɗan ƙasa da bin doka. Kuma ni bakina ba ya iya shiru, don haka tun daga tashar Bodinga nake buɗe aji a cikin mota. Ina gaya wa direba cewa jami'i na da ikon tsayar da shi, ya duba lasisinsa da takardun mota da tayoyi da fitilu, wannan ba gardama. Amma shi ma yana da damar ya tambayi laifinsa cikin ladabi, kuma in tara ce a rubuta masa takarda, ba a miƙa ta hannu a bakin titi. Ba mai ikon marinsa. Sannan wanda na fi maimaitawa, ina kaɗa yatsa: ba jami'in da ke da ikon sa shi ya karya doka, komai girman igiyar da ke kafaɗarsa. Direba zai yi ta gyaɗa kai yana "awo, awo", sai in na kai tsakiyar bayani ya taka burki ya ce, "Malam, sabka, mun iso." Sai lauyan mota ya sauka ya kama hanya da jakarsa.

Rana ta uku ina wucewa ta gaban bedin babban nasu ya amsa sallamata ya tambaye ni daga ina. Na ce Bodinga. Ina zuwa? Na ce Shagari, makaranta. Wallahi duka biyun gaskiya ne, ban ƙara ko kalma ba. Sai ya dubi ƙafafuna, ya dubi hanyar da na fito, ya girgiza kai ya ce Allah ya saka wa malamai. Na ce amin na wuce.

Daga ranar na zama abin nuni. Ina jinsa yana gaya wa abokan aikinsa cewa ga malamin nan da ke takowa tun daga Bodinga saboda 'ya'yan mutane. Kullum na iso akwai ruwan leda mai sanyi da ya ajiye mini, wata rana har da goro. Da farko kunya ta riƙa cin raina. Amma ɗan Adam bai da dama. Kafin wata guda na koyi rage tafiya in na doshi bedin, in ɗan ja ƙafa, in share gumin da babu. Har na fara jin haushi ranar da wani aiki ya ɗauke masa hankali bai yaba mini ba.

Sai wata Talata cikin damina. Hadari ya haɗo tun muna tasha, muna kaiwa kwanar farko aka fara yayyafi. Na ce wa direba yau dai a yi shahada a wuce da ni. Ya dube ni kawai, na tuna shanun da ya sayar, na sauka. Sauri ya sa na bar laimata a mota.

Ban yi nisa ba ruwa ya tsuge. Ashe kuma wata babbar mota ɗauke da shanu ta tare shingen ana duba ta, motoci sun yi layi. Ina isowa na tarar da tamu a ciki, ita ce ta biyu. Na ɗauke kai na wuce ta kamar ban taɓa ganinta ba, rigata ta manne da ƙasusuwana.

Jami'in ya hango ni. Ya bar motar shanun, ya taho da sauri ya kama hannuna, yana faɗin yau kam ba zai bari ba, wannan zalunci ne a ce motoci na wucewa malami na cikin ruwa. Ya ja ni, kuma cikin motocin duniya duka sai ya tsaya a tagar direbanmu.

"Direba, taimaka wa bawan Allah nan ka sauke shi Shagari. Kana da wuri?"

Direba ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce akwai, ya amsa da bakinsa cewa yana zuba biyu a gaba, kuma wannan shi ne na uku. In ya ce babu, ya bar ni a hannun hukuma. Ya dube ni, ni kuma na dubi sama. Can sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin tawa, har da ɗaga yatsa.

"Yallaɓai, doka ta ce mutum guda ga gaba. Kuma ba jami'in da ad da ikon sa ni in karya doka."

Wata huɗu ina zuba karatu ina zaton a ƙasa yake zubewa, ashe mutumin nan ajiyewa yake don ranar da zai yi amfani da shi a kaina. Ban san sanda na ji wani alfahari ya taso mini ba, tare da sha'awar shaƙe shi.

Jami'in ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, ya yi daidai. Har na fara sauke numfashi sai wata tsohuwa da ke baya, wadda ta hau tare da mu tun Bodinga, ta zuro hannu ta taga riƙe da laimata. Ta ce, "Ɗan nan, ga laimakka ka manta." Direba ya yi wuf ya ce tsohuwar haka take, ba ta iya ganin mutum cikin ruwa, sadaka ce ta ba ni. Tsohuwa ta buɗe baki za ta gyara zance, na kusa da ita ya shiga tari mai ƙarfi. Na karɓi laimata da hannu biyu, na durƙusa na yi wa baiwar Allah godiya da addu'a a kan abin da na saya da kuɗina a kasuwar Bodinga.

Aka ɗaga wa mota hannu ta wuce. Na yi sallama zan bi baya, sai jami'in ya karɓi laimar ya buɗe, ya ce bari ya taka mini. Na ce haba yallaɓai, ga aiki na jiransa. Ya ce akwai masu yi. Na ce ai na saba. Ya ce ya sani, shi ya sa. Haka muka jera, shi riƙe da laima, ni ina jan ƙafa, wannan karon da gaske, ina addu'ar Allah ya sa direba ya yi hankali ya wuce abinsa.

Bai wuce ba. Muna shan kwana ga mota a gindin rumbunan albasa, ƙofar gaba a buɗe, mai zaman bakin ƙofa ya fito ya tsaya cikin ruwa yana jiran in shiga tsakiya kamar kullum. Direba na ganin kaki ya diro ya ɗaga murfin inji ya cusa kansa ciki, yana taɓa wayoyin da ba abin da ya same su.

Jami'in ya tsaya. Bai dubi direba ba, ni ya duba.

"Malam, ikona a kan abin da idona ya gani ne. Yanzu ina ganin mota a tsaye da mutum ɗaya na gaba. In ka shiga, na ga biyu."

Ya nuna gwiwata ta hagu da baki, ya ce tun ranar farko ya ga baƙin man giya a wandona, kuma bai taɓa ganin wanda ya tako daga Bodinga takalminsa na ƙyalli ba. Na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, to ruwan ledar fa? Ya ce ruwa ai na mai tafiya ne, ko gajeriya ce. Ya ce yana ba ni ne yana jiran ranar da kunya za ta yi masa aikin da takarda ta kasa, sai ya ga kunyar tawa tana da jinkiri. Sannan ya ce wurin nan da nake zama, inda ba bel ba madafa, ya sha ciro mutane daga cikinsa, kuma ba ya son ya tuna yadda yake samunsu.

"Ɗiyata tana ajinka," in ji shi. "Duk abin da direba zai gaya wa jami'i ta haddace, a kaina take gwadawa in na koma gida. Na tambaye ta me malam ya ce game da mutum biyu a gaba. Ta ce ba ku kai nan ba tukuna."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi, don wannan na san haƙƙina a kansa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe alli.

Ya miƙo mini laimar. Na dubi ƙofar da ke buɗe, na dubi direba da ya fito da kai daga inji, ruwa na zuba daga hularsa, idonsa a kaina. Taku uku ne tsakanina da kujerar, kuma in na yi su an kama motar ke nan. Sai na yi musu sallama kamar baƙo, na ce Allah ya kiyaye hanya, na wuce.

Daga nan hanyar miƙaƙƙiya ce, ba kwana ba itace. Mota ta biyo ni a hankali, ta jera da ni, direba na leƙen madubi. Ni ma na waiga, ga mutumin can tsaye tsakiyar ruwa, hannu a baya, ko motsi bai yi ba. Na yi wa direba alama ya tafi. Ya ɗaga mini hannu ya wuce, tsohuwa kuwa tana ta tambayar mi ya hana yaron ga shiga.

Ranar na je Shagari a ƙasa. Na isa an dawo daga hutun ƙarfe tara, takalmina ɗaya ya tsinke, laka har gwiwa. Ban nemi sanin wacce ce 'yarsa a cikin 'yan ajin ba, ban ma iya kallon layin 'yan mata ba. Na tsallake babi biyu na rubuta a allo abin da doka ke nema daga fasinja.

Washegari na yi sammako na kama kujerar baya. Direba bai sa kowa a tsakiya ba, muka ɗan ƙara masa a kan kuɗin mota, yana ta gunaguni cewa giyar ta yi masa sakayau. Da muka kai kwanar farko ƙafarsa ta tafi kan burki da kanta, sai ya tuna ya ɗauke. A bedin jami'in ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, sannan ya sunkuyo ya leƙa baya.

"Malam, yau an samu mota?"

Na ce an samu, yallaɓai. Ya juya ya ɗauko ruwan ledar da ya ajiye ya miƙo mini ta taga. Na riƙe shi a cinyata har Shagari, na kasa fasa shi.