Ranar Da Aka Tambayi Mahaifina Abin Da Na Iya

Jiya na buɗe wata tsohuwar durowa a ofis ina neman fayil, sai warin takardun da suka sha damina a rufe ya bugi hancina. Na daɗe a tsaye, domin warin ya mayar da ni wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a makarantarmu ta Kibiya, wanda aka rubuta haruffa da alli a ƙofarsa. Ji-an-Si muke ce masa. Ofishin malami mai ba ɗalibai shawara ne, amma mu mun ɗauka wurin kai masu laifi ne, shi ya sa ko giftawa ta ƙofar ba ma so.

Ka san makaranta da son gutsure magana, komai sai an mayar da shi haruffa. Ƙaramar sakandare Je-Es-Es ce, babba Es-Es. Makin gwaje-gwajen da ake tarawa cikin zango Si-E ne, taron iyaye da malamai kuwa Fi-Ti-E. Mukan kwaso su mu kai gida Tarai muna taƙama da su. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, in tana burga nono ta ji ina jero su, sai ta ce, "Mijin nan nawa, boko ya cinye maka rabin harshe."

A shekarar da muka gama aji uku, aka zo rabon azuzuwa, wasu sayans, wato kimiyya, wasu at, wato ɓangaren adabi. Ni sayans nake so, kuma ba don gayu ba. Wata damina cuta ta shiga garkenmu ta kwashe maruƙa, kafin malamin dabbobi ya iso daga Rano an gama ɓarna. Tun ranar na ƙudure cewa aikin nan zan koya. Sai dai Si-E ɗina na lissafi ya yi rauni, don gwaji biyu sun wuce ni ina bayan shanu lokacin noma. Ina kan iyaka, kuma malamin Ji-an-Si ya ce duk wanda ke kan iyaka sai an ji ta bakin iyayensa.

Malamin matashi ne, ɗan birnin Kano, mai kirki da son aikinsa. Mahaifina ya zo a keke cikin rigarsa ta Juma'a, a ƙarshen damina, gero ya fid da kai. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya zauna a gefen benci. Ni ina tsaye jikin bango.

"Malam, me ka lura yaron nan ya fi iyawa?" in ji malamin, biro a hannu.

Mahaifina ya dubi ƙasa. "Wannan? Ban ga abin da ya iya ba. Duk inda kuka sa shi daidai ne."

Malamin ya sake tambaya ta wata hanya, ya sami amsa iri ɗaya. Na ga fuskarsa ta cika da tausayina, ya rubuta wani abu a katina ya rufe fayil.

In ba a irin gidajenmu ka tashi ba, za ka ce mahaifina ba ya ƙaunata. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle ya yabe shi a gaban baƙo. Na san haka tun ina rarrafe, amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Da aka liƙa sunaye na ga nawa a ajin at, na koma gida na ƙi cin tuwo. Gaskiya na ji haushinsa, haushin da ban taɓa ji ba, kuma ba ni da bakin faɗa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, kakata ta ɗauki ƙwaryar nononta ta ce in shige gaba. Muka taka har Kibiya, raɓa na jiƙa mana ƙafa. Ba ta tsaya talla ba, kai tsaye ta nufi ɗakin nan mai taga ɗaya, ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera.

"Ɗan nan, wa ya ce ka tambayi uba a kan ɗansa na fari?"

Malamin ya ce, "To Inna, wa zan tambaya? Fom ɗin iyaye ya ce."

"Fom ɗinku bai san kunya ba. Ka tambaye ni, ko ƙanen ubansa, ko maƙwabci."

Ta faɗa masa yadda nake gane saniya marar lafiya daga yadda take tuƙa, da yadda na ɗora karayar wani ɗan maraƙi da karan dawa har ya miƙe. Ta ƙara da cewa rowa ce kawai ta yi mini yawa, ban taɓa saya mata goro ba. Malamin ya yi dariya, ya buɗe fayil ya soke abin da ya rubuta a baya. Ya ce zai ba ni zango ɗaya a sayans, in lissafi ya gyaru in zauna, in bai gyaru ba in koma. Bai ji nauyin cewa ya yi kuskure ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka.

A hanyar dawowa na yi mata godiya. Ta ce ba ita zan gode wa ba. Ashe da safiyar ranar mahaifina ne ya tsaya a ƙofar ɗakinta, yana kallon wani wajen, ya ce, "Inna, wancan yaron hannunsa yana da kyau a kan dabba. Ni dai bakina ya ƙi faɗa." Kunya ta kama ni saboda tuwon da na ƙi ci.

Yau shekaru da yawa ina aikin dabbobi, kakata da mahaifina duk sun riga mu gidan gaskiya. Zamani ya juya, iyaye suna baza sakamakon 'ya'yansu a waya kowa ya gani, kuma ban ce laifi ne ba. Bara 'yata ta fari ta gama aji uku, makarantarsu ta aiko a rubuta abin da yarinya ta fi iyawa. Na duba gidan, babu wata tsohuwa da zan tura ta faɗa a madadina. Na riƙe biro, kunya ta rufe ni ni kaɗai a cikin ɗaki. Amma na cika layukan duka, har na juya bayan takardar.