Tambayar Da Aka Ba Ni In Yi Wa Ɗan Takara A Catford

Edita, a farkon shekarun casa'in ni ɗalibin shari'a ne a London, ina zaune a wani flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Thamesmead, kuma duk wanda ya san ni a lokacin da baki ya san ni. Ra'ayina na 'yan mazan jiya ne, ban taɓa ɓoyewa ba. In aka haɗu cin tuwo ran Lahadi aka ɗauko zancen masu neman tikitin takarar shugaban ƙasa a gida, ni ne mai yi musu awo ɗaya bayan ɗaya: wannan ba ya girmama manya, wancan Turancinsa ya fi sallarsa ƙarfi, wancan kuwa ko hula bai iya sawa ba. A yi ta dariya ana zuga ni, kaina yana kumbura.

Abokin zamana ɗan wani malami ne daga wani ƙaramin gari a arewa, yana babban digiri kan tauraron ɗan'adam. Shiru-shiru ne, kamar ba zai iya kashe ƙuda ba. Mukan yi musu kan zuwa duniyar wata har shayi ya huce, amma kwano ɗaya muke ci, rigar sanyi ma arar ta juna muke yi. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya gama ya koma gida ya zauna kusa da mahaifinsa da tsufa ya fara kamawa. Tsohon bai so karatun nan ba tun farko, da ƙyar ya sa masa albarka.

Ana haka sai wani mai neman tsayawa a zaɓen fid da gwani ya zo London, aka yi booking ɗin wani hall a Catford don ya yi wa 'yan arewa jawabi. Mutanensa suka nemi abokina ya rubuta masa wani sashe na jawabin kan sararin samaniya, don a ga shi ɗan zamani ne. Abokina ya yi murna kamar an ba shi sarauta. A cikin bas ya roƙe ni wata alfarma. Ya ce tsarin shi ne bayan jawabi wani ya tashi ya soki maganar da zafi irin na dattawanmu, ɗan takarar kuma ya ba da amsar da ya riga ya rubuta masa, cewa tauraron nan shi ke nuna inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa da lokacin da damina za ta sauka. Ya ce tunda kowa ya san ra'ayina, ba wanda zai yi zargin shiri ne. Har kalmomin da zan faɗa ya biya mini sai da na haddace. Na ji sun fi nawa daɗi, na ce ya bar ni da su kawai.

Ranar taro da yamma hall ya cika maƙil: likitoci, ma'aikata da iyalansu, ɗalibai, ga dattawan zango 'yan Ghana a sahun gaba da carbinsu, ga mai ɗaukar bidiyo da za a kai gida don kamfe. Ɗan takarar ya karanta sashen abokina yana tuntuɓe, aka ɗan tafa. Sai na miƙe aka ba ni makirfo. Na ce mutumin da bai gama tona rijiya a ƙauyensa ba me ya kai shi leƙen sama, Allah bai ɗaga sama don a taka ta ba, kuma mai yawan ɗaga kai ƙaya ce ke samun ƙafarsa. Na ƙara da gishirina, don ni in baki ya buɗe ba birki. Kafin in rufe baki hall ya ɗau kabbara, dattawa suna miƙewa tsaye. Na waiga ina jiran amsa. Mutumin nan ya dubi takardarsa, ya dubi dattawan, sai ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya rantse da Allah wai na riga shi a fili ne ya riga ni a zuci, shi bai taɓa yarda da wannan sashe ba, wani yaro ne da sanyin London ya shiga wa kai ya cusa masa. Ya ɗaga hannu ya nuna abokina, ya faɗi garinsu, mai bidiyo ya juya kyamara kan abokina. Innalillahi!  Makirfo yana hannuna, ana dariya ana shafa mini kafaɗa, na miƙa shi na koma na zauna ban kare abokina ba.

A hanyar komawa abin da abokina ya ce mini kawai shi ne wai na iya aiki. Ba a jima ba kaset ɗin ya karaɗe gida, har a garinsu aka kunna shi a ƙofar ofishin jam'iyya. Sai ga saƙon mahaifinsa ta bakin wani da ya zo London ganin likita: ransa ya ɓaci, amma ɗa ɗa ne, in ya gama ya dawo su zauna. Da na tsaya nan da an tsira. Ni kuwa uban iyayi, na ga sai na wanke abokina tas. Da na je hutu na hau mota har garinsu ban gaya masa ba.

Tsohon ya gane ni daga kaset. Ya shimfiɗa mini buzunsa a zaure, ya sa aka yanka mini kaza. Ya ce ranar da ya ji ni sai da ya yi hawaye, domin maganar rijiya da ƙaya ita ce nasihar da ya yi wa ɗansa su biyu kaɗai ranar da zai tafi Turai, sai ga Allah ya sa ta a bakin ɗan wani. Maimakon in kama bakina sai na zazzage masa komai, ina ganin gyara nake yi. Na ce duk shiri ne, ɗansa ba ya raina kowa, shi ne ma ya koya mini kalmomin.  Sai tsohon ya tambaye ni ko an shirya ne don babban mutumin ya rusa maganar a gaban jama'a a tafa masa. Na ce haka ne. Ya ce ashe nasiharsa ce ɗan cikinsa ya ɗauka ya kai ƙasar Turawa don a yi mata dariya. Ya miƙe da sandarsa, ya ce in ci abincina, ni baƙo ne, ya shige gida.

Kafin in koma London saƙon tsohon ya riga ni isa wurin ɗansa: kada ya dawo gida. Abokina bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya je ofishin shige da fice na Croydon ya nemi ƙarin izinin zama, ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Zaɓen fid da gwanin ma sojoji suka soke shi, ɗan takarar bai samu ko kujerar zama ba. Tsohon ya rasu bayan 'yan shekaru, ɗansa a waya ya ji, an riga an dawo daga maƙabarta.

Har yau in na ji ɗan siyasa yana jawabi ana kabbara, tsigar jikina tashi take yi. Ina jan kunnen matasa masu baki irina, kada ku ara wa ɗan takara muryarku don wasan da aka shirya, domin in iska ta juya, da ku da wanda ya amince muku zai tattake ya wuce. In kuma ɓarna ta faru tsakanin uba da ɗa, kada ku yi rawar kai ku shiga gyara ba da sanin mai abin ba. Ɗan takara kunya kawai ya ba abokina, amma ƙofar gidansu ni na rufe masa da bakina, ina zaune a kan buzun mahaifinsa.