Kawu Bala da Ƙarar Ƙofar Baya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Bala a tashar Kazaure ya san halinsa. Ana cikin tafiya sai ya ɗaga yatsa: "Kowa ya yi shiru!" Ya rage gudu, ya karkata kai yana farautar inda ƙara take fitowa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ban isa in hau wata mota ba, don haka na fi kowa shan wahalar nan. Wallahi na gaji!

Tsohon tub na taya, silifas, tsumma, babu abin da bai cusa a jikin motar nan ba. Rannan a hanyar Roni ya sauke mu a tsakar rana ya kwance kujera. Ashe ludayin wata Bafulatana ne ke bugun ƙwarya. Ya naɗe shi da tsumma ya miƙa mata: "Inna, in kin sauka sai su ci gaba da hirarsu."

Matarsa kuwa dawowa ta yi daga suna ta tarar an yanke gefen katifarta.

"Malam, ina sauran katifata?"

"Tana cikin ƙofar baya. Yau har Babura ta je. Ke kin taɓa zuwa?"

Ƙofar bayan nan ce ta gagare shi. Tsufa ya kama shi, kullum gabanmu na faɗuwa in ya ɗauki hanya. Mun roƙe shi ya ajiye tuƙi har bakinmu ya gaji. Amsarsa ɗaya: "Sai na ga bayan ƙarar nan."

Wata ranar kasuwar Gwiwa muna dawowa, motar na kwaramniya kamar maƙera, sai na ga yana murmushi.

"Ka ji? Tsit! Na gama da ita."

Na ce, "Kawu, ai ƙofar..." Bai ko waiwayo ba. Na sake ɗaga murya, shiru. A nan na gane kunnen ne ya tafi. Tausayinsa ya kama ni, na gyaɗa masa kai.

Muna isa gida ya miƙa mini makulli. Bai ƙara tuƙi ba, mu ma ba wanda ya faɗa masa ƙarar na nan har ya rasu.

Yanzu ni ke jan motar. Ƙofar na nan tana ƙararta, na kasa gyara ta, don in ta motsa sai in ji kamar zai ɗaga yatsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi makwanci mai natsuwar da ya daɗe yana nema.