Ragon da ke jiran a buɗe akwati

Shekarun baya, lokacin ina da rumfar faci a bakin gudron, wato titin kwalta, nan Dogon Dutsi, wani abokina ya jawo mini wata jaraba da har yau ban rabu da ita ba. Mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, shi ya sa muke ce masa Mushe; Kirista ne, tare muka taso. Shi ya yi gaba da karatu, ni aka koro ni daga koleji tun shekarar farko. Faransancina ya isa in karanta allon hanya da takardar magani, nan ya tsaya.

Yakan zo bayan an tashi yara, ya zauna kan tsohuwar taya ya duƙufa a wayarsa. Labarin zane ne na 'yan Japan, na 'yan fashin teku, ana fitar da shi babi-babi. Na ce, "Mushe, da hurhura a haɓarka kake kallon 'yan tsana?"

Ya ce, "Zamna in karanta ma guda ɗai."

Ya karanta guda. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, sai ga ni ina tambayar ina jirginsu ya kwana.

Ga inda rigimar take. A labarin, wani babban ɗan fashi ya ɓoye taska kafin ya mutu, kowa ya bazama nema, mai zanen kuma ya ƙi faɗin mene ne taskar. Kowa a rumfata da nasa hasashen. Wani ɗan kabu-kabu ya ce zinariya ce, me ake ta wahala. Mai shayinmu ya rantse doguwa ce, aljanar nan, aka rufe a tulu, irin wadda in ta ba ka abu sai ta karɓi wani. Mushe ya ce tarihi ne, gaskiyar da masu mulki suka binne don kada talaka ya sani.

Ni na ce babu komai. Akwati ne fanko.

"Mutum ya yi shekaru yana zane don akwati hwanko?" in ji Mushe.

Na ce, "Wanda ya yi muna alkawalin rijiya a unguwa, shekara nawa yana magana? Ina rijiyar? Duk wanda ya ce maka akwai abu can gaba, so yake ka yi ta tahiya."

Ya ce, "Kai dai ko zuma aka ba ka sai ka ce ina ƙudan ya ɓuya."

Musu ya yi tsawo har muka haɗa hannu muka sayi ɗan rago a kasuwar Kore Mairuwa. Ranar da aka buɗe taskar, wanda maganarsa ta fito shi ke da rago. Aka ɗaure shi a gidana, don Mushe haya yake. Wallahi mun ɗauka kafin layya mai zuwa an gama. Mu ne wawayen.

Layya ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Rago ya yi ƙaho, ya yi wuya, ya cinye mini harawa da dusa, ya tunkuyi ƙofar makewayi har ta cire. Matata ta ce, "Malam, wanga rago gadonshi za a raba ko yankanshi za a yi?" Ana cikin haka aka mai da Mushe Tibiri, sai dai mu yi musunmu ta waya.

Sai Allah ya ba matata ciki bayan mun daɗe da fid da rai. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki a asibiti. Uwa da ɗiya suka tashi lafiya, amma wajen biyan kuɗin asibiti injin ba taya iska ya tafi, babur ɗina ma ya bi shi. Suna ya matso, ba ni da abin yankawa. Ga ƙaton rago a tsakar gida yana kallona, rabinsa ba nawa ba.

Matata ta ce in kira Mushe in roƙe shi. Na ce ba zan yi ba. Duk wanda ya san ni ya san ba na roƙo, kyauta ma ba na karɓa, tun ranar da yayana ya yi mini gorin buhun hatsi a gaban mutane. Na gwammace a raɗa wa yarinya suna ba yanka, a yi da ni a gari.

Ana gobe suna, da hantsi, sai ga Mushe a bayan ɗan kabu-kabu, ƙura har gira. Ya yi barka, ya ɗauki jaririya, ya ce Allah ya taimake ta ba ta ɗauko hancina ba. Sannan ya zauna, ya ɓata fuska.

"Na sake karanta labarin nan tun daga hwarko," in ji shi. "Kai ka yi daidai. Babu komai cikin akwatin."

Na ce, "Ƙarya kake."

"Ni da na iya karatun? Na ce na hwaɗi. Kwance ragonka."

"Ai ba a buɗe ba tukun."

"In mutum ya sallama, sai ka ce sai ya ci gaba da kokawa? Kai wane irin mutum ne?"

Mutumin nan tun muna yara bai taɓa sallama musu ba, ko a kan wa ya fi gudu. Ya faɗi maganar yana kallon bango, kunnuwansa na motsi kamar yadda suke yi in ya yi wa babarsa ƙarya. Na buɗe baki in ƙi, matata ta yi tari daga ɗaki, tarin da na san ma'anarsa. Na ce to, na karɓa.

Da safe liman ya tambayi asalin ragon, don labarinsa ya karaɗe unguwa, ya ce shi ba ya yanka abin caca. Mushe ya miƙe a gaban jama'a ya ce babu sauran sharaɗi, rabinsa ya bar mini halak malak. Aka yanka. Naman ya yi tauri kamar tayar babbar mota, tsufa ya kama shi. Mushe ya ci ya fi kowa.

Yarinyar yanzu tana lakwal, ita ke karanta mini sabon babi, tana gyara mini baki. Har yau mai zanen bai buɗe akwatin ba. Ban canza ra'ayina a kan mutane ba, yawancinsu fanko ne, rijiyar ma har yau babu. Sai dai duk lokacin da labarin ya karkata wajen maganar Mushe, nakan ji daɗi a ɓoye. Shi kuwa bai sake tayar da hasashensa ba, ko na tsokane shi sai ya ce, "Ni ai na hwaɗi tuni."

Bara na sayi wani ɗan rago na ɗaure a turken wancan. Matata ta ce na wane ne kuma. Na ce na wani mutum ne a Tibiri da bai iya ƙarya ba, ranar da aka buɗe akwatin zan kai masa abinsa, ko me aka tarar a ciki.