Hilda Ba Sauro Take Kashewa Ba

Da sunan Allah mai raba baiwa ga bayinsa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin maƙwabcinka ne, ko da kuma sana'arsa ba ta yi maka kama da sana'a ba.

Duk mai fita sallar asuba a unguwar Chaza, nan Suleja, ya san ta. Kafin ma'aikatan Abuja su fara kokawar shiga mota, Hilda Gidiyon ta riga ta fito, tsintsiyar kwakwa a hannu, doguwar jaka a kafaɗa. Sai ta nufi tsohon daɓen siminti da ke bayan injin niƙa, ta share kashin awaki, ta tsince ɓawon rake, ta ɗaura raga tsakanin turaku biyu. Gari na gama wayewa 'yan matan unguwa sun cika wurin, na Musulmi da na Kirista, wasu da raket, wato abin buga ƙwallo, a hannu, ita kuma tana tsakiya tana faɗa: "Lanƙwasa gwiwa! Ƙwallon za ki kalla, ba ni ba!" In lokacin makaranta ya yi ta kore su, ta kwance ragarta, ta koma gida tana ɗan ɗingishi, domin gwiwar hagu ta gama biyan nata harajin.

Wannan matar 'yar wasan tanis ce, kuma da shi ta ci abinci tun tana budurwa har watan jiya da ta ajiye gasa. Na faɗa da babbar murya ne saboda mutanen unguwarmu sun shekara goma sha wani abu suna cewa abin kashe sauro take sayarwa.

Ga yadda aka yi. Mahaifinta, marigayi Gidiyon, mutumin Zonkwa ne, ya yi haya a jikin gidana yana aikin yankan ciyawa a wani kulob a Abuja. Can yake tafiya da ita ran Asabar tana tsintar wa manya ƙwallo, har wani ya ba ta tsohon raket. Bangon gidana shi ne abokin wasanta na farko, ya sha dukan da ko jakin Kano bai sha ba. Da ta girma ta fara fita da jaka cike da raket, sai Daso mai masa ta bakin titi ta leƙa jakar wata safiya. To, Daso ta saba ganin yaran da ke bin motoci a Zuma in go-sulo ya haɗu, suna ɗaga wannan abu mai raga da ake yi wa caji, in ya taɓa sauro ka ji ƙyas. Kama da wane ba ta wane, amma wa zai gaya wa Daso?

"Ashe sana'a kika kama, 'yar nan! Nawa-nawa ne?"

"Inna, ba na sayarwa ba ne. Tanis nake bugawa."

"Ko me sunan kamfanin, Allah ya ba da kasuwa. Ara mini ɗaya in gwada, sun hana ni sakat."

Hilda ta ga ba za ta iya musu da tsohuwa ba, ta ba ta. Washegari Daso ta dawo da shi kafaɗa a sage.

"Karɓi kayanki. Na nemi makunni har na gaji. Ba caji! Ramukan ma sun yi faɗi, ta ciki suke wucewa suna yi mini dariya. 'Yar nan, an cuce ki a sarin nan."

Abin da ya fita daga bakin mai masa kuwa ya riga rediyo isa gidaje. Daga ranar ta zama Hilda mai kashe sauro. Ta gyara sau ɗaya, ta gyara sau biyu, ta ga rashin sani ya fi dare duhu, ta bar su. In ta yi mako uku ba a gan ta ba, a ce ta tafi Legas saro kaya. In ta dawo ta rame ta yi baƙi, a ce kasuwa ba daɗi.

Alhali Legas ɗin gasar ƙasa take zuwa, kuma sau uku tana ɗauko kofin. Ta buga a Akara, ta buga a Nairobi, ta buga a Alƙahira. Ta taɓa shiga wasa da zazzaɓi a jikinta, ta yi awa uku a rana tsaye, ta ci, sannan ta faɗi. Ta taɓa kwana biyu a mota zuwa gasa saboda ba wanda ya ɗauki nauyinta, ta sauka ƙafa a kumbure, ta fitar da wadda aka kawo a jirgi da likitanta. Mijinta Vincent, malamin firamare, shi ne shaida, don shi ke gasa mata gwiwar da ruwan zafi. A shekarar da tauraronta ya fi haske, da aka jera matan duniya masu wannan wasa, ta shiga cikin ɗari biyar na farko.

Na kai wannan labari majalisa da murnata. Alhaji Isiyaku, shugaban kwamitin unguwa, wanda ya yi aikin ofis a Abuja har ya yi ritaya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Almu, ta ɗari huɗu da wani abu? Ni ɗana Nuraddeen na goma sha biyu ya zo a aji, sai da ya yi mako bai ga nama a kwanonsa ba."

Na ce, "Alhaji, ajin Nuraddeen bango huɗu ne. Nata ajin duniya ce."

Ya ce, "Ko ma dai mene ne, Allah ya rage mana sauro."

Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Watan jiya, ranar wasanta na ƙarshe a Abuja, Hilda ta ce lallai sai an tafi da Daso. Aka sa ta a mota da sabon mayafi, ni da Vincent muna gefe. Aka fara, Hilda ta bugo ƙwallo, abokiyar karawarta ba ta taɓa ba. Sai wani mutum da ke zaune kan wata doguwar kujera kamar mai gadin gona ya sa baki a lasifika ya ce, "Fiftin, lob." Daso ta ɗaga kai ta dube shi. Aka sake, ya ce, "Tati, lob." To, Daso ba ta jin Turanci, amma tana da jikoki masu waya, ta san abin da samari ke nufi da lob. Da ya ce "Foti, lob" yana duban Hilda, sai ta miƙe ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Kai, ɗan nan na sama! Ba ka da kunya? Matar aure ce! Ga mijinta nan zaune!"

Ta juyo kan Vincent. "Kai kuma wane irin namiji ne? Ƙato ya hau kujera yana yi wa matarka lob a lasifika, kana tafi?"

Vincent ya jawo ta ƙasa hawaye na zubo masa don dariya. "Inna, alƙalin wasa ne. A tanis, wanda bai ci komai ba shi ake ce wa yana da lob. Sifiri ke nan. Ba da Hilda yake ba, da waccan yake."

Daso ta yi tsaki. "Wato soyayya ita ce ba komai? To, wannan kam sun faɗi gaskiya."

Ranar gwiwa ta ci amanar Hilda, yarinyar da ta kusa haifa ta cinye ta a ƙarshe. Ta je ta rungume yarinyar, filin ya miƙe tsaye ana tafa mata, manyan mutane suna share ido. Da aka miƙa mata kyautar ta biyu, wani farin faranti mai walƙiya, sai Daso ta dafe ƙirji.

"Malam Almu, wannan ba irin tirena ba ne?"

Irinsa ne kuwa. Shekarun baya ɗan acaba ya take tiren masar Daso ya lotse, tana zaune tana kuka, washegari Hilda ta kawo mata wani farin faranti mai nauyi ta ce ta riƙa amfani da shi. Ba ta ce mata komai a kansa ba. A hanyar komawa gida, da muka zo Zuma, wani yaro ya turo wa Daso abin kashe sauro ta taga, ta kusa cinye shi ɗanye.

Muna dawowa muka tarar da wata. Kwamitin unguwa ya sa ranar zama don a ba masu keke napep daɓen nan su mai da shi tasha. In aka yi haka, 'yan matan ba su da sauran wurin wasa, domin kulob ɗin Abuja ba ya buɗe ƙofa ga 'yar mai gyaran takalmi. Hilda ta ajiye gasa ne don ta zauna da yaran nan, ga shi za a janye tabarmar tun ba ta zauna ba.

Aka taru a kan daɓen da la'asar ran Lahadi. Alhaji Isiyaku ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, masu keke iyali suke ciyarwa. Ita kuwa baiwar Allahn nan, ba raini ba, tallan abin kashe sauro ai a bakin titi ake yin sa."

Sai ga Daso ta ratso taro da tire a ka. Ita da Alhaji taubasai ne, ba shamaki a tsakaninsu. Ta juye masar a zanen wata, ta goge man da gefen mayafi, ta dangwara masa farantin a cinya.

"Kai da ka yi boko, karanta. Shekara nawa kana lashe yatsa a kansa, ba ka taɓa duba ƙasan masa ba, mai haɗama."

Alhaji ya sa tabarau, ya karkata farantin ga rana. Ya karanta sunan gasa, ya karanta Nairobi, ya karanta kalmar da ke nufin zakara. Ya yi gyaran murya.

"To, an ji. Amma faranti ba hujja ba ne. Wasan da ake yi da ƙwallo kamar lemon tsami, mace ta bugo maka, ai ko ni sai in mayar."

Baki shi ke yanka wuya. Daso ta ce, "Mayar mu gani. In ka taɓa ko ɗaya, a ba masu keke. In ba ka taɓa ba, ka bar wa yara."

Hilda ta durƙusa. "Baba Alhaji, don Allah a bar maganar nan. Ba girmanka ba ne."

"'Yata, tashi ki bugo. Ni na yi gola a makarantar midil."

Ya naɗe hannun riga, aka ba shi raket, ya tsaya ƙafa a ware. Daso ta hau kan turmi ta zama alƙali. Ni shaida ne Hilda ba ta sa ko rabin ƙarfinta ba. Ta ɗaga ƙwallo ta buga. Alhaji yana nan yana jira, ƙwallon kuwa tuni ya daki kwanon injin niƙa a bayansa.

"Fiftin, lob!" in ji Daso.

"Ban shirya ba!"

Na biyu ya kai duka dama, ƙwallo ya bi hagu. Na uku ya kai wa iska mari har hularsa ta faɗi. Kafin na huɗu ya daina jiran ƙwallo gaba ɗaya, ya shiga kaɗa raket sama da ƙasa, gaba da baya, yana juyi, riga na tashi. Ƙwallo ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa salin-alin. Ba mai son ya fara yi wa shugaba dariya. Daso ta sauko daga turmi a hankali.

"To, jama'a, yau dai Allah ya nuna mana mai kashe sauron unguwar nan."

Wanda ya fara fashewa da dariya Alhaji ne da kansa, kuma wannan na yaba masa. Ya zauna yana haki ya ce, "Wallahi ban ga ko ɗaya ba. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara." Nan take aka yanke: masu keke su koma bakin kwalbati, daɓe na yara ne safe da yamma, mata kuma su ci gaba da shanya barkono da rana. Hilda ta ɗauko hularsa ta kaɗe, ta miƙa masa hannu biyu.

Hilda 'yar Gidiyon, ke ce kika fita da sunan garin nan inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba, kika dawo ba ki tarar da ko mai ce miki sannu da hanya ba, kuma ba ki fasa gaishe mu ba. Ke ce aka ba kyautar zakara, kika ga tsohuwa na kuka, kika mai da ita tiren masa. Giwa mai tafiya ba ƙara. Da Daso ta kawo miki farantin ta ce ki karɓi abinki, kin ce ta riƙe, wai farantin da ake ci a kansa ya fi wanda ke rataye a bango. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya raya miki yaran da kike koyarwa.

Ku kuma mutanen Suleja, da ku nake. Daɓen nan ya tsage, ragar duk ɗinki ce, yara uku ke karɓa-karɓa da raket ɗaya. Mai siminti ya kawo siminti, mai 'ya ya kawo 'yarsa, wanda ba shi da komai ya zo da tsintsiya. Kuma kowa ya duba ƙasan farantin da yake ci a kai, ya san na wane ne. In aka yi lissafi irin na wasanta, tsakaninmu da matar nan ita ke da foti, mu muke da lob, kuma irin na alƙali ne, ba irin na samari ba.

Mai neman abin kashe sauro kuwa, ya nufi Zuma. Ko ya je wurin Alhaji Isiyaku.