Naman da bai shiga tukunya ba

Shekarun baya, lokacin da aka rufe boda kaya suka yi tsadar da ko gishiri sai an yi ciniki, muna haya a unguwar Zariya ni da yarana uku. Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, an tura shi can arewa cikin sahara, inda mota ba ta zuwa kullum, waya ma sai ya hau tudu kafin ta shiga. Da zai tafi ya bar mini katin bankinsa. Duk ƙarshen wata sai in yafa gyale in je injin cirar kuɗi, wanda muke ce wa gishe, in ciro albashi in wuce kasuwa. Ina ji da kaina a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da abin ya faru na daɗe a layi kafin a zo kaina. Na saka kati, na danna lambobi, injin ya fara gurnani, sai wuta ta ɗauke. Da aka tada janareto, allon ya dawo yana yi mini barka da zuwa kamar bai taɓa ganina ba. Ba kuɗi, ba kati.

Na shiga cikin bankin da injin yake. Ma'aikaciyar da na samu ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Madam, kartin yana wurinmu, kuɗin ma ba abin da ya taɓa su. Amma sunan wa ke bisa?" Na ce na maigidana. Ta ce, "To shi za ya zo da kanshi, ko ya aiko takarda da hatimin hukuma." Na gaya mata inda yake. Ta ce wallahi ta tausaya mini, amma doka ce.

Da na samu maigidan a waya, ya ce ba zai iya barin aji ba sai hutu, takardar kuma zai nema, sai dai ranar da aka samu motar da za ta kawo ta. "Ki lallaɓa, don Allah," abin da ya iya cewa ke nan kafin layin ya yanke. Na yi tunanin zuwa Tsibiri wurin mahaifiyata, sai na tuna farkon damina ne, rumbu ya yi ƙasa, su ma ni suke jira in aika. Da 'yan kuɗin da suka rage a jakata na je Sabon Gari na auno hatsi da ɗan wake, na sayi kuka da daudawa. Shinkafa ta zama ta ranar Juma'a. Nama kuwa muka yi sallama da shi. Tsorona ɗaya ne, kada hatsin nan ya ƙare kafin takarda ta iso.

To, akwai wata al'ada tsakanina da maƙwabciyata, wata dattijuwa mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda kowa ke kira Inna. Katangar da ta raba mu tana da wani wuri da ya ɗan zube. Kullum da yamma sai in taka turmi in miƙa mata kwanon abinci ta wurin, ita kuma ba ta taɓa mayar da shi wayam ba, ko ƙuli ne sai ta jefa a ciki. Ni kuma halina ne in ɗora nama a saman tuwo, inda ido zai fara sauka.

Yanzu ga tuwon hatsi da miyar kuka tsurarta. In daina miƙa kwano, Inna ta san akwai magana. In miƙa shi ba nama, ta sani. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da in na tuna yau nake rufe fuska. Kullum sai in sayo balangu na dala arba'in wurin mai nama na bakin titi, in tsoma shi cikin miya ya ɗan jiƙa, in jera a kwanon Inna. Yarana suna kallo. Ƙaramar ta taɓa tambayata ko Inna ba ta da lafiya ne shi ya sa ita kaɗai ke cin nama. Na daka mata tsawa, na shiga ɗaki na share hawaye.

Ba a yi kwanaki ba kwano ya dawo da nauyi. Na buɗe, ga dafaffen zogale cike, ga garin ƙuli a ƙulle, ga kuma namana a sama ko yanka ɗaya ba a taɓa ba. Inna ta ɗaga murya daga bayan katanga: "Ɗiyata, haƙorana sun matsa mini kwanan ga, ba ni iya tamna nama. Ki ba yara su ci. Zogalen kuma ƙanena ya aiko daga garka, lambunshi na Jiratawa, ya yi mini yawa."

Na yi mata sannu da zuciya ɗaya, har na ce ta riƙa kuskure baki da ruwan gishiri. Daga ranar na huta da sayen balangu. Kwano kuwa ya ci gaba da dawowa da kaya, yau wake, gobe man gyaɗa a ɗan kwalba, jibi zogale, kuma kullum ƙanen nan na Jiratawa ne ya aiko ya yi mata yawa. Na koma girkin da na tashi da shi a Tsibiri, dambu da kwaɗo da ɗanwake. Yara suka riƙa suɗe kwano, hatsin da nake tsoron ƙarewarsa ya riƙa jan kwana.

Wata rana da hantsi na taka turmi zan shanya tabarma a kan katanga, sai na hango Inna zaune a gindin bishiyar bedi, ta kama sandar rake tana ɓare ta da haƙora kamar budurwa. Muka haɗa ido. Ta dubi raken, ta dube ni, ta fashe da dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na zagaya na shiga gidanta, na durƙusa, na ce, "Inna, ashe kin sani."

Ta ce, "Ɗiyata, shekara nawa ina cin miyarki? Naman nan da miyar nan ba su taɓa haɗuwa cikin tukunya ba. Kuma tun yaushe rabon da in ji ƙamshin suya ta bisa katanga?" Na fara ba ta labarin kati, ta ɗaga hannu. "Ban tambaye ki ba. Ke dai ki ci gaba da miƙo kwano, ko ruwan zahi ne a ciki, don in samu abin da zan maido."

A nan na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini guntun rake.

Takarda ta iso daga baya, a hannun wani direban babbar mota, duk ta yi laushi. Banki suka ba ni katin ba gardama. Ranar na sayi nama na dafa shi cikin miya tun daga farko, na zuba wa yara nasu, sannan na taka turmi. Can na jiyo Inna tana cewa, "Alhamdu lillahi, yau dai haƙora sun warke."

Har yau in zan saka kati a gishe sai na yi bisimilla na dubi fitilar wurin. Amma abin da ya fi zama mini shi ne, na koyi duba kwanon da maƙwabta suka aiko, ba don in ga me aka ci ba, don in ga me ya ragu. In na ga miya ta tsinke, sai ni ma a aiko mini da kaya daga Tsibiri su yi mini yawa, kuma ba na tambayar kowa komai.

Mun bar gidan hayar nan tuni, amma duk Juma'a ina kai wa Inna kwano da kaina. Yanzu haƙoran sun zube da gaske. Sai in bar naman a wuta har ya narke cikin miya, ta ci abinta da cokali.